Ramin Kawu

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Kawu, wan mahaifiyata, ya riga mu komawa a bazarar bana, cikin zafin nan da ko ƙadangare ba ya son hawa duwatsun Damagaram da rana. Bai yi jinya ba. Da hantsi ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, aka kai shi gidan likita, kafin la'asar an dawo mana da shi a lulluɓe.

Kwanakin zaman makoki ina cikin mata ina karɓar gaisuwa, amma kunnena yana wajen maza, don katangar da ta raba mu ba ta da tsawo. Abin da na lura shi ne, duk wanda ya gama "ya haƙuri" sai ya kawo zancen ramin. Tsoffin konseye, wakilan unguwanni da suka zauna da shi a majalisar meri, wato hukumar gari, suka zo tare cikin manyan riguna. Ɗaya daga cikinsu ya ce Allah ya jiƙan Mushe, haka suke kiran Kawu, amma fa ya ba su wuya, taron da za a tashi kafin azahar sai ya kai shi la'asar a kan maganar hanyar ruwa. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, aka bi ta da istigfari. Masu yin tubali suka zo da laka a ƙafafunsu, suka zauna can gefen tabarma, babbansu ya ce yau uban ramin ya tafi. Madam majo, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ke maƙwabtaka da mu, wadda ita da iyalinta Kirista ne, ta shigo ta zauna kusa da ni tana kuka irin wanda ba a yi wa maƙwabci sai ɗan'uwa. Akwai kuma wani Alhaji da ba mu taɓa ganinsa a gidan ba. Ya yi doguwar addu'a mai daɗi, da ya tashi tafiya sai ya tambayi wane ne babba a cikin 'ya'yan marigayin.

Inna, mahaifiyata, tambaya ɗaya ta yi. Da maza suka dawo daga maƙabarta ta aika a tambayo mata inda aka samo lakar da aka liƙe kabarin, tunda ƙasa ta bushe ƙamas. Aka ce daga gindin ramin aka ɗebo, can ne kaɗai ake samun danshi. Ta gyaɗa kai ta ce, "Ashe dai ya ɗebi rabonsa."

Ina rubuta wannan ne don yaran da ake haifa yanzu a unguwarmu ba za su san an taɓa yin tafki a wurin ba, balle su san wanda ya tsare ragowarsa.

Duk ɗan Damagaram ya san masifarmu biyu ce, kuma duka ruwa ne. Rabin shekara muna bin 'yan garuwa da bido, wato jarka, a hannu, ɗayan rabin muna kwashe ruwa daga ɗaka da roba. Ƙarƙashin garin dutse ne, ruwa ba ya nutsewa, sai dai ya gangara. Shi ya sa mutanen dā suka bar tafkuna a cikin gari. Namu yana bayan gidan Inna, inda gangaren duwatsu yake ƙarewa. A nan muka tashi muna tsinkar bado, muna kallon maza suna tono gaiwa daga busasshen taɓo. In ruwa ya ja baya mata su yi lambu a bakinsa. Da latas da tumatir na wannan lambu Inna ta raine mu bayan rasuwar mahaifinmu.

Kawu malamin lakol ne, wato makarantar boko, har ya yi ritaya, shi ya sa duk gari ke ce masa Mushe, yadda ake kiran malami da Faransanci. Kada in yi masa ƙarya don ya mutu: mutum ne mai taurin kai da tsawon zance, kuma bai iya ba da haƙuri ba. In ka gaishe shi da kuskuren magana sai ya gyara maka kafin ya amsa. Yana da wata baƙar laima da ba ya rabuwa da ita rani da damina, amma ban taɓa ganin ya buɗe ta cikin ruwa ba. In hadari ya sauko kowa na gudu gida, shi lokacin yake fita. Ya naɗe wando zuwa gwiwa, ya bi ruwa lungu-lungu yana tsoma laimar yana duba inda ya kai. Matarsa, Allah ya jiƙanta, takan ce ta auri kwaɗo. In ya dawo jiƙe sharkaf aka yi masa faɗa, amsarsa ɗaya ce kullum: "Ruwa baƙo ne. In ba ka ba shi masauki ba, shi zai zaɓi ɗaki."

Da aka zaɓe shi konseye mun yi murna, mun ɗauka an samu mai faɗa a ji. Lokacin damina ta riga ta sauya hali. Sai a yi makonni sama ba ta ce komai ba, gero na ƙonewa a gonakin wajen Takieta, rannan kuma ruwan wata guda ya zubo a yini ɗaya. Gidaje su faɗi, a kwashe mutane a zuba a azuzuwan lakol. Abin da meri ke yi mun haddace shi. Za a zo da tabarmi da barguna da buhunan shinkafa, a raba, a ɗauki hoto. Ranar bikin 'yancin kai a dasa itatuwa, awaki su yi godiya. In wani furoje, shirin ƙungiyoyin agaji, ya zo a yi taron kwana biyu a kan sauyin yanayi, a ci abinci, a watse. Ba na cewa mugaye ne. Kawu da kansa yakan ce meri kamar magidanci ne mai iyali da yawa wanda ba shi da abin sayarwa sai ƙasa. Ma'aikata na jiran albashi, mutane na ta ƙaruwa suna neman inda za su gina, wurin da ya rage babu gini a tsakiyar unguwa kuwa tafki ne.

Ranar da aka kawo maganar yanka tafkinmu a mai da shi filaye, an ce Kawu ya yi magana har muryarsa ta dushe. Ya ce musu suna rabon tabarma da hannun dama, suna sayar da masaukin ruwa da hagu, don haka su ƙara sayen tabarmi tun yanzu. Aka ce za a yi kanibo, babbar kwatar siminti da za ta fitar da ruwan bayan gari. Ya tambaya wanne za a fara, kwatar ko cikon. Aka ce a kaɗa ƙuri'a. Aka kayar da shi.

Akwai wata al'ada da kowa ya sani ba a cika faɗa ba: in an yanka filaye, kowane konseye yana da nasa. Duk unguwa ta zuba ido ta ga Mushe ya yi watsi da nasa a gaban jama'a. Sai ga labari wai ba karɓa kawai ya yi ba, har rigima ya tayar a kan shi ne babba a shekaru, shi zai fara zaɓa. Da aka bar shi ya zaɓa kuma, ya tsallake na bakin hanya da kowa ke kwaɗayi, ya ɗora yatsa a kan mafi muni, cikin tafkin can inda ya fi zurfi, inda ruwan duwatsu ke faɗawa, jikin katangar bayan gidan Inna. Abokansa suka ce tsufa ya kama Mushe, ko cin rabo bai iya ba.

Inna ba ta ga abin dariya ba. Ita ce ta ja matan lambu har ƙofar meri suna roƙo a bar musu tafki, tana gaya musu kada su damu, wanta yana ciki. Da ta ji labari ta yafa mayafi ta same shi a zaurensa, ina biye da ita ina ba ta haƙuri. Ba ta zauna ba.

"Yaya, ashe kai ma bakinka na sayarwa ne. Tsada kawai ya yi."

Na ga maganar ta shige shi. Da ya buɗe baki ya faɗa mata abin da ke ransa, da an wuce wurin a ranar. Amma Kawu ne. Ya ce babba ba ya wanke kansa a gaban ƙanwarsa, in ta gama ta ja masa ƙofa. Tun muna yara Inna ke aika masa da fura kowace Juma'a. Wannan Juma'ar ƙwaryar ba ta fita ba, kuma aka yi damina biyu ba ta fita ba. Ni na zama waya a tsakaninsu, da aurena da 'ya'yana. Ita ta ce in gaya wa kawuna an yi rasuwa a dangi, shi ya ce in gaya wa uwata ya ji. Ranar salla ma ta bakina suke yafe wa juna, kowanne yana kallon wani gefe.

Masu filaye suka yi ta ciko suna gini, gidajen siminti suka tashi inda muke tsinkar bado. Kawu bai kawo ko kwandon ƙasa ba. Sai ma ya sa aka yi shela cewa duk mai son ƙasar gini ko ta yaɓe ya zo filinsa ya ɗiba kyauta. Sharaɗinsa ɗaya, a haƙa daga tsakiya a yi ƙasa, kada a ci gefe. Masu tubali suka tare a wurin duk rani. Wanda katangarsa ta zube ya zo, mai aurar da ɗa da ke son ƙara ɗaki ya zo. Shi kuma yana zaune a kan wani dutse da laimarsa, in ya ga mutum ya cika amalanke zai tafi sai ya ce, "Wannan ɗin me zai yi maka? Dawo ka ƙara."

Shekarar da katangar majami'arsu Madam majo ta faɗi, ta ji nauyin tambayarsa. Ta zo wurina tana kewaye-kewaye, wai ko ƙasar har da ta irin wannan gini. Da na kai masa maganar ya yi fushi, wai shekara nawa tana yi wa 'ya'yansa allura ba ta tambayi addininsu ba. Washegari shi ya shiga gaban amalanken jakuna har ƙofar majami'ar. Wani ya yi masa gunaguni a masallaci, ya ce masa ƙasa ba ta tambayar wanda zai jingina da ita, kuma in yana so shi ma ya kawo jakinsa.

Mutane suna yabon kyautarsa, a bayan ido kuma suna cewa ramin Mushe. Gaskiya ramin bai da daɗin maƙwabtaka. Da damina sauro, da rani wari, don mutanenmu in suka ga rami sai hannunsu ya yi ƙaiƙayin zuba shara. Akuyar wani ta taɓa faɗawa ta mutu, aka kai ƙararsa wurin mai unguwa. Ya kewaye wurin da ƙaya, ya ƙara zama. Na sha ganinsa, tsoho da furfura, yana bin matar da ta zo da kwandon shara da laima a ɗage. Na ji kunya a lokacin, ba zan ɓoye ba, don har a wurin aiki ana tambayata ko lafiyarsa ƙalau.

Sai daminar da ruwa ya kayar da tsohon masallacin Birni. Namu ya same mu da rana tsaka, ina gidan Inna. Ruwan duwatsu ya gangaro yadda ya saba, ya tarar da gidaje a masaukinsa, ya shiga falon masu siminti, sauran ya yi kwana ya nufo mu. Muna jin ƙararsa yana zuba cikin ramin kamar ana juye tulu. Muka tsaya a bakin ƙofa muna kallon lungu yana cika, Inna tana salati. Can ƙasa da mu muka ji faɗuwar katanga, aka yi kururuwa, wata ta sake faɗuwa. Ruwan ya hau dokin ƙofarmu, ya leƙo tsakar gida, ya tsaya a nan yana rawa har sama ta ɗauke. Gidan Inna na ƙasa ne, tun na kakanmu. Da ruwan da ramin ya haɗiye ya zo mana, da ko azara ba mu tsinta ba.

Da muka zagaya baya muka same shi tsaye a bakin ramin, ruwa har cinya, ramin ya cika ya batse. Ya tsoma laimarsa yana dubawa, bai ko waiwayo ba. Inna ta daɗe tana kallonsa. Ta kalli ramin, ta kalli katangarta, ta koma ciki.

Ranar Juma'a ta miƙo mini ƙwarya ta ce in kai. Ya buɗe faifan, ya kurɓa, ya ɓata fuska.

"Ki gaya wa uwarki furar ta yi tsami. Tun yaushe aka dama ta?"

Ya shanye tas. Iyakar sulhun ke nan, har ya mutu ba su taɓa tayar da zancen ba. Amma daga ranar Inna ta sa aka fasa mata ƙaramar taga ta baya, in yana zaune a dutsensa suna hira ta nan, yawanci musu a kan wanda ya fi wani tunawa da iyayensu.

Shi bai yi murna da abin da ya faru ba. Ya ce mini ramin ya cika har baki, saura kaɗan ya kasa, kuma ruwan baɗi ba zai fi na bana tausayi ba. Kanibon da aka yi alkawari an fara shi, ya tsaya a rabin hanya, ya cika da leda. A wannan lokacin ne kuma ya gane kuskurensa. Ya ɗauka abin da ya sa sunansa a kai ya tsira. Bai lissafa cewa duk abin da ke ɗauke da sunan mamaci sunansa gado ba.

Ya koma meri, lokacin an riga an rushe majalisa babu sauran konseye, ya ce ya zo mayar da filin a rubuta shi wurin ruwa. Aka karɓe shi da girmamawa, don rabin ma'aikatan ɗalibansa ne. Suka ce masa a tsarin unguwar babu wani abu mai suna wurin ruwa, fili ne mai lamba, in ya mayar zai koma hannun meri, kuma masu jiran fili suna da yawa. Wani daga cikinsu ya raka shi har waje ya ce, "Mushe, don Allah riƙe abinka, a hannunka ya fi tsira." Sai ya tafi wurin liman ya ce yana son ya yi waƙafinsa. Liman mutumin kirki ne, bai yi masa dariya ba. Ya ce ya san waƙafin masallaci da rijiya da maƙabarta da makaranta, amma waƙafin rami bai taɓa cin karo da shi ba, a ba shi lokaci ya duba ya tambayi manya, su sake zama bayan salla. Bayan sallar ce muka yi zaman makoki.

Da aka yi sadakar arba'in aka zauna rabon gado. Mu 'ya'yan mace ba mu da ko taku ɗaya a ciki, Inna ma haka, tunda ya bar 'ya'ya maza. Kawu bai tara komai ba sai gidan da yake ciki da ramin. Cikin magada akwai ƙanwarsu da mijinta ya rasu ya bar ta da yara, akwai wanda bai da aikin yi. Rami kuwa ba ya rabuwa. Babban ɗansa taubashina ne, tun muna yara ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba, ni in ce masa bawana, shi ya ce ya saye ni da goro. Rannan na same shi babu wasa, na gaya masa duk abin da ke bakina, har da wanda bai kamata ba. Ya bari na gama.

"Taubashiya, kawo mini mai sayen da zai bar shi rami. Wallahi ko nawa ya taya shi zan ba."

Na fita neman mai sayen. Ni da Madam majo muka zagaya unguwa gida-gida ko za a haɗa hannu a riƙe wurin. Kowa ya yi wa Mushe addu'a mai kyau, aka raka mu har ƙofa. Alhajin nan na ranar gaisuwa shi ya saya. Shi ma ban ce mugu ba ne, 'ya'ya gare shi da ke son wurin zama. Ya sa aka cire ƙayar, aka yi shela cewa duk mai shara ya kawo. Matan da Kawu ya kora da laima yanzu da rana tsaka suke zuwa, kwando a ka. Kamiyo, babbar motar kaya, kuma na kawo ɓaraguzan gidajen da suka faɗi waccan daminar, yana juyewa. Wata ƙasar ma daga ramin aka ɗebe ta, ga ta ta dawo. Dutsen da yake zama a kai ya riga ya nutse.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kaifin harshensa, ya ba shi masaukin da ya fi wanda ya tanadar wa baƙonsa. Ina roƙa masa wannan da zuciya ɗaya. Abin da na kasa roƙa da zuciya ɗaya shi ne ruwa. Manoma na ɗaga hannu a masallatai suna neman damina mai albarka, ni ina cewa amin ina tuna katangar Inna.

Taubashina ya gyara ɗaki a gidansa da ke kan tudu, ya zo da kansa ya durƙusa gaban Inna ya ce Gwaggo ta dawo wurinsa. Ni ma na yi nawa roƙon har na gaji. Ta ce a gidan aka haife ta, a nan aka wanke uwarta da ubanta.

Shekaranjiya na ga shamuwa a kan kukar lakol, gabas kuma ta fara haɗa fuska da la'asar. Na tafi gidan da niyyar ko da faɗa sai na fito da ita. Na tarar ta kwashe gadonta da tukwanenta ta mayar zaure, wanda ya ɗan fi tudu. Ɗakinta na baya, mai tagar nan, ta share shi fes, babu ko tabarma. Ta tokare ƙofar da turmi a buɗe, ta kuma sa an huda gindin katangar ta wajen ramin. Na tambaye ta mene ne haka.

"Baƙon Yaya ne zai zo, ya rasa mai masaukinsa," in ji ta. "In ban ba shi ɗaki ba, gidan duka zai ɗauka."

Na san ɗaki ɗaya ba zai ishe shi ba. Ita ma ta sani. Akwai randa guda da ta rage a lungun ɗakin, ta fi ƙarfinta. Na ajiye mayafina na kama mata, muka fitar da ita.